Ruwan da ake gwada kifinmu a ciki ba ruwan gulbinmu ba ne

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce shi kuma wannan ina ya dosa, mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro shi ya zo yana maganar kifi a cikin baho. Na ji, amma mu nan Kabi kifi ba abin wasa ba ne, daga Argungu har Yawuri gidaje nawa ne tukunyarsu ba ta hawa wuta sai an dawo daga gulbi, ga kuma matasa da suka rungumi kiwon tarwaɗa a tankin siminti a bayan gida. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, ina kuma ɗan taɓa kiwon, shi ya sa yaranmu da suka wuce jami'a ko kwaleji idan lokacin furojet ɗinsu ya zo sukan biyo ta wajena neman 'ya'yan kifi ko shawara, abin da nake gani a hannunsu ne ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu.

Kusan duk gwajin salo ɗaya ne. A sayo 'ya'yan tarwaɗa masu tsawon yatsa, a jera bahon roba, kowanne a sa masa kifi 10, a zuba maganin ciyawa ko maganin ƙwari wannan kaɗan wancan ya ɗan fi shi har zuwa na ƙarshe mai yawa, baho ɗaya a bar shi ba magani don a kwatanta. Sai a zauna awa 96 ana ƙirga waɗanda suka mutu, a yi lissafi a fitar da adadin maganin da ke kashe rabinsu, shi kenan a ɗaure takarda a kai wa malami ya sa hannu. Shi wannan gwajin ba laifi ba ne, haka ake yin sa a duniya. Abin da ke damuna shi ne halin da kifin ya shiga kafin ya mutu layi ɗaya ake ba shi, wai ya yi ta iyo ba kan gado yana hawa sama shan iska jikinsa ya yi yauƙi, kuma wallahi wannan layin kusan kalma da kalma za ka same shi a takardar wannan da ta wancan. Ruwan kuwa na burtsatse ne ko na famfo da aka ajiye ya kwana don kulorin ya fita, garai-garai kana ganin gindin baho, a ɗaki mai fanka. Malam Edita yaushe rabon da ka ga gulbin Rima garai-garai?

Wata yarinya ta taɓa kawo min tata takardar in duba mata, ba zan faɗi makarantar ba, na tambaye ta zafin ruwan nawa ne, ta nuna min lamba guda ɗaya da aka rubuta. Na ce da wane lokaci aka auna, ta ce ranar farko da hantsi, tun daga nan ba a sake ba saboda na'urar tana kulle a ofis mai makullin kuma ya yi tafiya. Iskar oksijin kuwa ba a auna ba kwata-kwata, lambar da ke cikin takardar daga ta wani da ya gama bara aka kwafo. Ban ga laifinta ba, da kuɗin mahaifinta ta sayi kifin da bahon da maganin.

To me ya sa na dage a kan zafi da iska? Saboda su biyun tafe suke tare kuma suna cin amanar kifi ta fuska biyu. Ruwan daɗi mai zafin digiri 20 yana iya riƙe oksijin wajen miligiram 9 a kowace lita, idan ya kai digiri 30 ya koma wajen 7 da rabi, ya ƙara zafi ya ƙara raguwa. Shi kuma kifi jikinsa zafin ruwan yake bi, duk ƙarin digiri 10 buƙatarsa ta iska takan kusa ninkawa. Kenan a watan Afrilu lokacin da zafin Birnin Kabi ke haura digiri 40 ruwa ya janye ya koma 'yan tafkuna, kifi yana neman iska fiye da kullum a daidai lokacin da ruwan ya fi ƙarancinta. Maganin da bai yi masa komai ba a ɗaki mai fanka, a wannan halin yana iya zama shi ne zai ƙarasa shi. Sannan ga bambancin dare da rana, a ruwa mai kore gansakuka tana ba da iska muddin akwai rana, dare na yi ta koma ita ma tana sha, saboda haka da asuba ne iska ke kaiwa ƙasa. Duk mai kiwo ya san wannan ko bai san sunansa ba, ka fito sallar asuba ka haska tocila a tanki ka ga ƙarfasa sun taru a sama bakinsu a buɗe suna tsotsar fatar ruwa, hantsi na yi su koma ƙasa kamar ba su ba. Wanda yake zuwa ɗakin gwaji ƙarfe 10 na safe ya tashi ƙarfe 4 har abada ba zai ga wannan ba.

Kuma a ce kullum tarwaɗa. Na san dalili, ita ce mai araha ita ce ake samu a ko'ina kuma ba ta saurin mutuwa a hanya. Amma ai wannan taurin ran nata shi ne matsalar, tana da wani abu a cikin kanta mai rassa-rassa da take shaƙar iskar sarari da shi, ruwa ya lalace ta hau sama ta haɗiyi iska ta ci gaba da harkarta, har kan ƙasa tana jan ciki idan akwai danshi. Ka auna dafin ruwa da ita sannan ka ce ruwan lafiya lau, daidai yake da ka auna wahalar tafiyar daji da raƙumi ka ce ai akuya ma za ta iya. Giwan ruwa da muke alfahari da shi a Matan Fada, wanda ake ɗagawa sama a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934 har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ba shi da wannan dabarar, iska ta yi ƙasa ba shi da mafita sai gudu, in babu wurin gudu sai mutuwa.

Akwai kuma amoniya, wadda kifi da kansa yake fitarwa, ragowar abinci da taki su ma suna ƙara ta. Abin mamakin ta shi ne adadi ɗaya yau ba ya komai gobe ya kashe, ya danganta da ruwan yana ɓangaren tsami ne ko ɓangaren kanwa, ma'aunin da suke kira pH. A digiri 25, idan ma'aunin na kan 7 ɓangaren amoniyar da ke da dafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya hau 8 ya zama wajen kashi 5, ya hau 9 ya haura kashi 30. Koren tafki da la'asar yana iya kaiwa 9 ɗin nan. Kifi ya fara ƙin abinci, ya lafe a lungu, mai shi ya ce ai sammu ne ko kambun baka, ya tafi neman rubutu alhali canjin ruwa yake so. A baho kuma idan ba a canja ruwa ba ba a auna ba, ta yaya za ka rantse maganin ne ya kashe kifin ba fitsarinsa ba?

Abin da ya fi ci min rai dai shi ne raina halin kifin da ake yi, don mutuwa ita ce labari na ƙarshe, kafin ita an yi labarai da yawa. A 1938 wani masani ɗan Ostiriya Karl von Frisch, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1973, ya lura idan ya mayar da ƙaramin kifi mai rauni cikin 'yan uwansa sai duk su watse su ɓuya, ashe wani sinadari ne ke fita daga fatar mai raunin sauran su shaƙa su gane akwai haɗari. Dangin tarwaɗa ma suna cikin kifayen da ke da shi. Daga baya a Amurka aka gwada 'ya'yan kifin salmon aka ga ɗan burbushin tagulla a ruwa, wanda bai isa ya kashe su ba, yana dakushe musu hanci, a zuba wannan sinadarin gargaɗin su ci gaba da yawonsu maimakon su lafe, babban kifi ya zo ya kwashe su. A takardar ƙirga gawa za a rubuta babu wanda ya mutu. A gulbi kuwa sun ƙare.

A 2013 masu bincike a jami'ar Umeya ta ƙasar Suwidin sun fitar da wani bincike a mujallar Science. Maganin kwantar da hankali ne da mutane ke sha, oxazepam, yana bin fitsari ya bi magudana ya shiga kogi, suka sa kwatankwacin abin da ake samu a kogin cikin tanki, ƙasa da mikirogiram 2 a lita. Kifin bai mutu ba, sai dai ya ƙara zirga-zirga, ya rage bin garke, ya ƙara saurin cin abinci. Kifin da ya bar garke kuwa kowa ya san makomarsa. Ni da na karanta sai na tuna lambatun garuruwanmu da inda suke ƙarewa, da fadamun shinkafa da suka cika tun bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a 2015, feshi a kan feshi, yaro ya gama ya wanke tankin feshinsa a bakin ruwa inda 'ya'yan kifi ke kiwo. Ban ce a daina noman shinkafa ba, nima ina ci, amma wa ya taɓa zama ya duba ko ɗan abin da ke gangarawa yana hana ƙarfasa gadin gurbinta, ko yana hana uwar ɗaukar ƙwai a baki? Ba na ma maganar masu zuba gamalin da gangan su kwashe kifi, wannan ta'addanci ne kawai kuma Sarkin Ruwa da hukuma sun san maganinsu.

Wani abin da zai ba ka haushi ya kuma ba ka sha'awa, kifinmu ne ma ya buɗe wa duniya wani babi guda na ilimi. Yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, dogon nan mai wutsiya kamar ta ɓera wanda ba ya lanƙwasa jiki idan yana tafiya sai fiffiken bayansa ke kaɗawa, yana gaba yana baya yadda ya ga dama ba ya karo da komai. A 1951 Hans Lissmann na jami'ar Kambirij a Ingila ya gano yana fitar da wutar lantarki 'yar kaɗan ba tsayawa, wajen sau 300 a daƙiƙa, ba irin ta minjirya mai girgiza mutum ba. A 1958 shi da abokin aikinsa Machin suka sa masa 'yan tukwanen laka masu tsatsafo iri ɗaya sak a ido, abin da ke ciki ne ya bambanta, wani wuta na ratsa shi da sauƙi wani ba ta ratsawa, suka koya masa da abinci har ya riƙa bambance su ba kuskure. Ma'ana da lantarki yake lalube a cikin duhu da laka. To kifin da rayuwarsa ta dogara da yadda wuta ke ratsa ruwa, idan gishirin taki ya canja ruwan fadamar da yake yin sheƙa me ke faruwa da shi? Tambaya ce da ɗan Yawuri ya fi ɗan Kambirij kusa da ita, kifin yana kasuwarmu, tukunyar laka ma mu ke gina ta.

Shi kansa launin ruwa magana ce. Mutanen Yawuri sun san Neja sau biyu take kawo ruwa, na damina mai laka fari fat daga ruwan saman yankinmu, da kuma wanda ke isowa cikin sanyi daga tsaunukan Gini bayan ya zube lakarsa a fadamun Mali, shi ya fi duhu ya fi tsabta. Masunci ya san kamun wannan ba irin na wancan ba ne, inda zai kafa gura da inda zai jefa birgi duk canjawa suke. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka an nuna a 1997 cewa inda ruwa ya gurɓace ya yi duhu, matan wasu kifaye dangin ƙarfasa ba sa iya tantance launin mazan jinsinsu sai jinsuna suka fara cakuɗewa, a ɗakin gwaji ma da aka canja hasken yadda launi ba ya fita sai zaɓen nasu ya rikice. Mu nan ko 'yar lakar gulbi ba a sa wa baho.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ma shaida ne. Ka ajiye uwa a tanki ta cika da ƙwai ta yi shekara ba za ta zuba ba, sai an yi mata allura an matse cikin, namijin kuma a yanka shi a ciro maniyyin a gauraya a roba. Dalili, a daji sai ruwan sama ya sauka gulbi ya cika ya hau ciyawar fadama sannan jikinta ke ba ta izini. Idan tanki ya iya hana kifi abu mafi girma a rayuwarsa, me zai sa mu ɗauka sauran halinsa a baho shi ne halinsa a gulbi? Shi ya sa ma dattawa ke cewa tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 ambaliyar da ke shiga fadama ta ragu kamun kifi a ƙasanta bai koma yadda yake ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk abin da Bature ya yi a ɗakin gwaji wahayi ne. A wajen 2009 da 2010 wasu a Ostireliya sun fitar da sakamakon da ya girgiza duniya, wai idan iskar kabon ta yi yawa a ruwan teku ƙananan kifi har bin warin mai cinye su suke yi maimakon su gudu. Aka yi ta yayatawa shekara da shekaru. Sai a 2020 Timothy Clark da abokan aikinsa suka fitar da nasu a mujallar Nature, shekara 3 suna maimaita gwajin da kifi sama da 900 jinsi 6, suna ɗaukar komai a bidiyo kwamfuta na bin motsin kifin, ba su ga wannan abin ba. Abin da ya raba gardama shi ne bidiyon da kuma rubuta halin ruwan dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa. Bidiyo kuwa yau ba abin gabas ba ne, wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa, ka ɗaure ta a saman baho ka ja layi a gefe, ka ƙirga sau nawa ya hau sama a minti 10, daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya taɓa abinci, yana tsakiyar 'yan uwa ko ya ware. Ba kuɗi ake nema ba a nan, haƙuri ne da tashin asuba.

Saboda haka roƙona ga malaman jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kabi da Sakkwato, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa kusa da madatsar Kainji wadda tafkinta ya taɓo mu har Yawuri tun 1968, su taimaka a riƙa ɗebo ruwan gulbin kansa a jarka ana gwaji da shi kusa da na burtsatse, na damina daban na hunturu daban na bazara daban, a auna zafi da iska safe da yamma musamman kafin fitowar rana. A sa ƙarfasa da kurungu da balli cikin lissafi ba tarwaɗa kaɗai ba. A bar na'urar awo a hannun ɗalibi ko da sa hannu ne, ba amfanin ta a cikin kabad. Kuma in za a tsara gwaji a zauna da Sarkawa da Kabawa masu homa da gora tukuna, mutumin da tun yana yaro yake kallon ruwa ɗaya ya san wace irin juyawa ce ta kifi mai jin daɗi wace ce ta wanda ruwa ya dama, ɗalibi zai yi wata bai gane abin da shi zai nuna masa da ɗan yatsa ba.

Gwamnatin jiha kuma da ke kashe maƙudan kuɗi duk lokacin biki wajen rumfuna da masaukin baƙi, ta ware ɗan wani abu ta sayi na'urorin auna ruwa ta ajiye a Argungu da Yawuri da Bunza a samu mai zagayawa yana aunawa duk mako, abin da ya fito a faɗe shi da Hausa a rediyo yadda ake faɗin farashin hatsi, mai taru da mai tankin siminti duk su ji. Ku ma 'yan jarida dan Allah idan aka ce kifi ya mutu ya taso a tafki kaza kada ku tsaya a hoton gawar, ku tambaya ƙarfe nawa aka fara ganinsu a sama, wane iri ne ya fara mutuwa, an yi feshi a kusa ko ba a yi ba, ruwan sama ya sauka a daren ko bai sauka ba.

Na gode da fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin kimiyya mai kiwon tarwaɗa,
daga Argungu, Jihar Kabi.